Yaran Kwarin Haɗeja Ba Su San Koginsu Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon alfarmar ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke rainon yaran da aka haifa a bakin kogi ba tare da mun koya musu kogin ba. Ni tsohon malamin makaranta ne, na shafe shekaru ina koyar da labarin ƙasa da kimiyyar noma a makarantun sakandare na ƙasar Haɗeja, kuma jikan masunta ne ta wajen uwa. Saboda haka abin da zan faɗa na gan shi daga gaban allo, na kuma gan shi daga cikin kwalekwale.

A lokacin da nake shiga aji, na saba yi wa sababbin ɗalibai tambaya ɗaya a farkon zango: ruwan nan da yake wucewa ta bayan garinmu, daga ina ya taso, kuma ina ya nufa? Yaron da zai zana maka yadda rana take ɗumama teku, tururi ya tashi, hadari ya haɗu, ruwa ya zubo, ya kuma lissafa maka Nilu da Kwango da Misisipi ba tare da gargada ba, shi ne zai yi tsuru-tsuru idan aka zo kan koginsa. Amsar da na fi samu ita ce daga dam ɗin Tiga ake sako shi, kamar dai wani famfo ne da wani ma'aikaci yake murɗawa. Kaɗan ne suka san cewa Kogin Kano yana tasowa ne daga duwatsun wajen Riruwai, ya ratsa dajin Falgore, ya haɗu da Kogin Challawa kafin Wudil, daga nan ya zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Ringim da Auyo ya iso mu. Ban taɓa samun wanda ya san cewa Kogin Jama'are, wanda yake gangarowa daga tsaunukan Jos, yana haɗuwa da namu a wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, su wuce Gaidam, su raba Najeriya da Nijar a wajen Diffa, sannan su faɗa Tafkin Chadi ba.

Wannan rashin sani ba ƙaramin abu ba ne, domin duk ƙasar da ruwanta yake gangarowa cikin kogi ɗaya gida ɗaya ce, ko mazaunanta sun san juna ko ba su sani ba. Mai saran itace a gefen Falgore, da mai ɗibar yashi a Wudil, da mai jima a masana'antun Sharaɗa da Challawa wanda dagwalonsa yake bin magudana zuwa kogi, da mai noman tumatir a Kadawa, da masuncin Guri, da mai noman tattasai a Diffa, duk a tukunya ɗaya suke sha. Abin da na sama ya yi, na ƙasa ne yake girba. Yaron da bai san haka ba, gobe shi ne injiniya, shi ne kansila, shi ne kwamishinan ruwa, kuma zai yanke hukunci a kan kogin da bai taɓa sanin kansa da wutsiyarsa ba.

Mun riga mun ga abin da irin wannan hukunci yake haifarwa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kammala ta Challawa a 1992, kuma ba mai musun alherin da suka kawo: birnin Kano yana sha, manoman Kura da Bunkure da Garun Malam suna noman rani. Amma kafin a datse kogin yana da ɗabi'arsa da kowane dattijo ya sani. Da damina ya cika ya batse ya malale fadamu, da rani kuma ya ƙafe har yara su yi wasa a cikin yashinsa. Malalar ita ce take kawo sabuwar laka gonakin shinkafa, ita take ba kifi wurin yin ƙwai a cikin ciyawa, ita take nutsewa ƙarƙashin ƙasa ta cika rijiyoyi har na garuruwan da suke nesa da gulbi. Ƙafewar kuma ita take kashe ciyawar da bai kamata ta zauna ba. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan rani da damina, sai malalar ta ragu, ƙafewar kuma ta ɓace a wurare da dama, doguwar ciyawar ruwan nan da ake kira kacala ta sami abin da take so, wato ruwa mara zurfi wanda ba ya yankewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwan ya karkata ya fi yawa ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru yana cinye gonaki, alhali mutanen bakin rafin Burum Gana da na tsohon Kogin Haɗeja suna kukan ƙarancinsa. Tsuntsun jan-baki kuma ya sami masauki a cikin kacalar, daga nan yake fita da safe ya faɗa wa shinkafa da gero.

Kakana na wajen uwa bai taɓa shiga aji ba, amma na ji shi da kunnena, tun ina ƙarami, yana cewa kogin da ba ya barci da rani ba zai yi lafiya ba. A lokacin na ɗauke ta maganar tsofaffi. Sai da na girma na tarar masana sun iso wurin da ya tsaya, bayan sun yi awo da lissafi. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun auna abin da fadamun Haɗeja da Nguru suke bayarwa na noma da su da itacen wuta, suka kwatanta da abin da aikin noman rani na Kogin Kano yake bayarwa, suka tarar cewa idan aka bi yawan ruwan da kowanne yake sha, fadamun sun fi riba nesa ba kusa ba. Da an zaunar da irin su kakana tun kafin a zana yadda za a riƙa sakin ruwa, da wataƙila an rage wannan asara. Ba a zaunar da su ba saboda waɗanda suka yi karatun zamani an koya musu cewa ilimi yana cikin littafi ne kawai, kuma har yau abin da muke koya wa 'ya'yanmu ke nan.

Bari in ba da labarin ranar da na fahimci yadda ilimin nan biyu za su zauna a tabarma ɗaya. Wata shekara da kaka, bayan ruwa ya fara janyewa, na kwashi ɗalibai na kai su wurin wani tsohon masunci a wani ƙauye da ke bakin fadama. Ya kai mu gindin wata giginya, ya nuna mana sare-saren gatari a jikinta, wasu sun yi baƙi saboda daɗewa. Ya ce mahaifinsa ne ya fara, duk shekarar da ruwa ya yi wani abin mamaki sai ya sara iyakar inda ya tsaya, shi kuma ya ɗora. Bai san shekarun da lamba ba, da abin da ya faru ya san su. Ya ce wannan ta shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira ce, ruwa ko gindin giginyar bai kai ba, sai aka yi saran a ƙasa-ƙasa don tunawa. Wannan kuma ta shekarar da dam ɗin Bagauda ya fashe ce. Yaran suka fito da tef ɗin awo suka auna tsayin kowane sara daga ƙasa, muka koma aji muka mayar da shekarun lamba, ta naira 1973, ta Bagauda 1988, muka zana jadawali a allo. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, ai giginyar tana girma, ashe saran ba zai riƙa yin sama ba?" Wannan tambaya ta fi mini duk jarrabawar da na taɓa yi musu daɗi, domin ita ta ba ni damar bayyana musu cewa bishiya daga ƙololuwa take ƙara tsawo, saran da aka yi a jikinta yana nan inda aka yi shi. Tsohon ya ba mu tarihin ruwa na shekaru masu yawa a wurin da babu wani ma'aunin gwamnati, tef da jadawali kuma suka mayar da shi abin da za a iya ajiyewa a nuna wa injiniya.

A wannan rana dai ya nuna musu yadda ake gane inda gaiwa ta binne kanta a busasshiyar laka tana jiran damina, ya bambanta musu tarwaɗa da kurungu da karfasa da bargi, da irin ruwan da kowanne yake so. Ya ce inda ka ga giyayya ta yi yawa kada ka kafa gida, don ruwa yana zuwa wurin ko ba daɗe ko ba jima. Ya yi ƙorafi a kan masu kafa dumba su tare mashiga gaba ɗaya, da masu taru mai ƙananan idanu da yake kwashe har 'ya'yan kifi, da masu zuba gamalin a tafki. Duk abin da littafin kimiyyar noma ya ƙunsa a babin kiwon kifi da kiyaye shi, tsohon nan ya faɗe shi da Hausa a tsaye a bakin ruwa, kuma yaran ba su manta ba.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da tsofaffi suka faɗa gaskiya ne. Wannan tsoho da ya burge mu, shi ne kuma ya gaya wa yaran cewa fitsarin jini da yake damun samarin ƙauyen ba ciwo ba ne, alamar balaga ce da zafin rana. Ban yi masa gardama a gaban jikokinsa ba, don ba tarbiyya ba ce. Bayan mako biyu na nemi wani ma'aikacin lafiya ya zo da madubin likita, muka gayyaci tsohon makaranta, ya sa ido da kansa ya ga ƙwayayen tsutsar tsargiya, aka nuna masa ƙananan dodon-koɗin da take girma a cikinsu, waɗanda ruwan da yake kwance a cikin kacala ya ƙara wa yawa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi dai ya san tun da ruwa ya daina ƙafewa abin ya ƙaru, amma bai san dalili ba. Daga baya shi ne ya riƙa tura yara su karɓi magani idan an zo rabawa. Akwai abubuwan da ido ba ya gani, kamar gubar da take cikin dagwalon jima, ko nisan da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi bayan an cika fadama da injinan ban-ruwa, waɗannan sai awo. Akwai kuma abubuwan da awo na shekara biyu ko uku ba zai nuna ba, sai wanda ya zauna da kogin shekara sittin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne muna da tsarin kula da ruwa tun kafin zuwan Turawa, amma ba ya cikin kowane littafin makaranta da na taɓa koyarwa da shi. Sarkin ruwa yana hana shiga wasu tafkuna har sai ranar da aka sa ta su, kuma wannan shi ne abin da masana kifi suke ba da shawara a yau, a bar kifi ya hayayyafa kafin a kama. Ko bikin kamun kifi na Argungu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, a kan wannan ƙa'ida ya tsaya, don ba a shiga Matan Fada sai ranar da aka ba da izini. Akwai hurumin gari da ba a nomawa, akwai burtali da mashaya da aka ware wa makiyaya domin shanu su kai ga ruwa ba tare da sun bi ta gona ba. Addini ma ya zo da nasa: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kuma an ruwaito cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Malamin Islamiyya da malamin kimiyya suna koyar da yaro ɗaya a gari ɗaya, amma ban taɓa ganin sun zauna sun haɗa darasi a kan rijiyar unguwa ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna cewa haɗin yana aiki. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela ta jihar Tawa sun je yankin Yatenga na Burkina Faso, ƙasar su marigayi Yakuba Sawadogo, suka ga yadda aka inganta tsohuwar dabarar haƙa ramuka a fako ana zuba taki domin su tare ruwan sama. Suka dawo suka yi ta a gida da sunan tassa, malaman gona suka taimaka da awon gangare da jera duwatsu, ƙasar da aka fid da rai da ita ta koma ba da hatsi. Dabarar ta manoma ce, awon na masana ne, kuma manomi ne ya koya wa manomi.

Ba a rasa hukumomi ba a wannan kwari namu. Akwai Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tun 1976. An fara shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, kuma a 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, su ne na farko a Najeriya, daga baya Baturiya da Dagona suka bi. A 2006 jihohin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da kwarin. Yanzu kuma ga shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa da ruwa a yankunan da suke fama da ƙarancin ruwan sama, wanda Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Injin haƙa zai share kacala bana, ta dawo baɗi, jama'a su sake fita aikin gayya da lauje da adda. Abin da nake roƙo shi ne a ware wani ɗan kaso daga irin waɗannan kuɗaɗe a kai shi makaranta, inda masu riƙon kogin na gobe suke zaune.

Ba sai an ƙirƙiro sabon darasi an ƙara wa yara nauyi ba, don na san yadda jadawalin makaranta ya cika, na kuma san malami yana tsoron jarrabawar WAEC da NECO fiye da komai. A cikin darussan da ake da su za a saka shi. Kowace makaranta da take cikin kwarin ta ɗauki rafi ko tafki ko fadamar da ta fi kusa da ita ta zama amanarta. A kafa ma'aunin ruwan sama a farfajiya, wanda ko da gorar roba da rula ana iya haɗa shi, a kafa sanda mai lamba a bakin ruwa, yara su riƙa rubutawa. Sau ɗaya ko biyu a zango a gayyato sarkin ruwa ko sarkin noma ko arɗo, a ba shi kujera da ɗan abin goro kamar yadda ake ba duk wani baƙon malami, domin wanda aka kira ya tsaya a rana kyauta ya san ba a ɗauki iliminsa da daraja ba. Kada kuma a manta da mata. Masu bandar kifi sun san wane kifi ne ya yi ƙaranci a kasuwa tun kafin jami'in gwamnati ya sani, masu saƙar tabarma sun san yadda goriba take ja da baya, masu ɗibar ruwa sun san tsawon igiyar da guga yake ci bana da wanda ya ci shekara biyar da suka wuce.

Idan hasashen damina na hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ya fito, ko na ambaliya daga hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, a karanta shi a aji da Hausa, a ajiye shi gefe guda da abin da dattawa suka hango daga iska da taurari da tohon itatuwa, idan kaka ta yi a duba wanda ya fi kusa da gaskiya, ba domin a kunyata kowa ba. Ambaliyar 2022 ta nuna mana cewa gargaɗin da ya tsaya a takardar Turanci a ofis bai ceci kowa ba, alhali yaron da ya fahimce shi zai kai shi gida da yamma. Ina kuma son a haɗa makarantun sama da na ƙasa, ɗaliban Kura su yi musayar wasiƙa da abin da suka auna da ɗaliban Nguru, kowa ya ji abin da ruwan ya zama bayan ya bar shi ko kafin ya iso shi.

Na san za a ce ana so a shigo da camfi da tsafi makaranta, tunda sha'anin ruwa a ƙasar Hausa ba ya rabuwa da zancen iskoki da asirin masunta. Amsata ita ce malami yana nan, kuma aikinsa ne ya tace. Abin da za a iya gwadawa a gwada shi, abin da ya saɓa wa addini ko hankali a bar shi inda aka same shi. Za a kuma ce kai yara bakin ruwa haɗari ne, wannan gaskiya ne, shi ya sa ban taɓa kai su da marka ba, kuma ban taɓa zuwa ba tare da masu iyo daga cikin mutanen ƙauyen ba. Matsalar da ta fi waɗannan girma ita ce malaman kansu ba a koya musu haka ba. Nan ne kwalejojin ilimi na Gumel da Gashuwa, da jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Gashuwa, da cibiyar nazarin noma a busassun ƙasashe ta Jami'ar Bayero suke da aiki: su tura ɗalibansu su ɗauki maganar tsofaffin masunta da manoma da makiyaya da Hausa da Badanci da Fulatanci da Barbarci, su tantance ta, su fitar da ɗan littafin kogin da taswirarsa domin malaman firamare da sakandare.

Tsohon da ya nuna mana giginya ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Da na koma ƙauyen na tarar giginyar tana nan da sare-sarenta, amma jikan da ya raka ni bai iya gaya mini shekarar ko ɗaya daga ciki ba, kuma babu sabon sara tun bayan rasuwar kakansa. Jadawalin da ɗalibaina suka zana yana cikin wani tsohon littafina, kuma a shirye nake in miƙa shi ga duk makaranta ko jami'ar da za ta ɗora. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilanka na Haɗeja da Nguru da Gashuwa su zauna da sarakunan ruwa da suka rage kafin damina mai zuwa, ka ware musu shafi ko da sau ɗaya a wata, domin malaman makaranta su sami abin da za su yanka su shiga da shi aji.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
daga Haɗeja, Jihar Jigawa.